Bashin karatu na NELFUND: ɗalibin Katsina ya nema, amma ya san bashi ya ci

Maganganu biyu ne ke yawo a majalisun Katsina da Daura duk lokacin da aka buɗe shafin neman bashin karatu na Gwamnatin Tarayya, wato na asusun NELFUND, kuma dukkansu haushi suke ba ni. Ta farko ta samari ce: "Kai dai ka cike, kuɗin gwamnati ne, wa zai bi ka?" Ta biyu ta wasu dattawa ce da ke hana 'ya'yansu kusantar abin gaba ɗaya, wai tarko ne, ko kuma kuɗin ruwa ne aka sauya wa suna.

Ana cikin wannan musu, ga yaro can ya samu gurbi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ranar rufe rajista tana ƙaratowa, mahaifinsa kuma yana tunanin ko tunkiya zai kai kasuwa ko geron da aka ajiye wa damina.

Ni matsayina a fili yake. Duk ɗalibin da kuɗin rajista ke neman raba shi da karatu, ya nemi wannan bashi, babu abin kunya a ciki. Amma ya neme shi da niyyar biya, ya ɗauki iya abin da ya zame masa dole, kuma ya gyara takardunsa tun kafin ya zauna gaban kwamfuta. Mai tsoron bashin da mai ɗaukarsa ganima, ƙarshenta duk yaron suke cuta.

Yadda tsarin yake, a taƙaice

Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar farko a watan Yunin 2023. Waccan dokar ta zo da sharuɗɗan da suka kusa kashe ta tun a tsumma. Sai kuɗin da gidanku ke samu bai kai naira 500,000 a shekara ba, sannan ka kawo mutum biyu da za su tsaya maka, irin su ma'aikacin gwamnati mai mataki na 12 zuwa sama ko lauyan da ya shekara goma yana aiki. Ɗan manomi a Baure ko Sandamu, ina zai samo su?

A watan Afrilun 2024 aka soke ta aka yi sabuwa. Aka cire maganar masu tsayawa, aka cire ta kuɗin da gida ke samu, aka kuma daina hana yaro saboda mahaifinsa ya taɓa cin bashi bai biya ba. Ranar 24 ga Mayu, 2024 asusun da ake kira NELFUND ya buɗe shafinsa, da farko ga ɗaliban makarantun tarayya, daga baya aka shigar da na jihohi.

Bashin kashi biyu ne. Akwai kuɗin makaranta, wanda ba ya bi ta hannun ɗalibi, kai tsaye ake tura wa makarantar. Akwai kuma alawus na naira 20,000 a wata da ke shiga asusun ɗalibin, ga wanda ya zaɓi ya haɗa da shi. Ba a ɗora ko kwabo a kai. Biya yana farawa ne shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na albashi ko na abin da mutum yake samu a sana'arsa.

Na makarantun gwamnati ne: jami'o'i, kwalejojin fasaha da na ilimi. Ɗalibin Hassan Usman Katsina Polytechnic, ko Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ko Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Daura, yana cikin waɗanda tsarin ya shafa. Na Al-Qalam kuwa, da yake jami'a ce mai zaman kanta, ba ya ciki.

"Ai riba ce"

Wannan ce tambayar farko a kowane gida, kuma tambaya ce mai kyau. Mutanenmu sun ga bashin banki, sun ga na masu ba da buhu ɗaya da damina su karɓi biyu da kaka, dole su yi ɗari-ɗari.

To amma a duba abin da aka rubuta. Riba ita ce ƙarin da aka shardanta a kan bashi. A nan dokar ta ce abin da ka ci shi za ka biya. In an biya maka naira 100,000, naira 100,000 ke kanka, ko da bayan shekara goma za ka gama biya. Wannan shi ne rance mai kyau da malamanmu suke karantarwa a babin ciniki. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya buɗe sharuɗɗan da ke shafin, ya kai wa malamin da ya yarda da shi su karanta tare. Abin da bai dace ba shi ne a yanke hukunci da jita-jitar bakin masallaci, alhali ba wanda ya karanta ko layi ɗaya.

Akwai ma abin da ba a cika faɗa ba. A ƙarshen 2024, hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin ɗari. Duk wanda ke cefane ya san naira dubu ta bara ba ita ce ta bana ba. Bashin da ba ya ƙaruwa a ƙasar da kuɗi ke zubewa haka, kullum sauƙi yake ƙarawa ga mai biya. Ɗalibin da aka biya wa rajista yau, sai ya gama karatu, ya yi bautar ƙasa, ya ƙara shekara biyu, kafin a fara neman sa. A lokacin, adadin yana nan yadda yake, amma nauyinsa ya ragu sosai. Babu bankin kasuwanci a garin nan da zai ba ka irin wannan.

"In ya mutu da bashi fa? In bai samu aiki ba fa?"

Tsoron mutuwa da bashi yana da asali a addini, ba na raina shi. Sai dai dokar 2024 ta yi tanadin yafe bashin ga wanda ya rasu. Ba za a zo ƙofar gida a tsare magada ba.

Maganar rashin aiki ta fi ƙarfi, domin kowa ya san masu digiri nawa ne ke tuƙa Keke Napep a titin IBB ko ke zaune a shagon cajin waya. Abin da dokar ta ce shi ne, wanda wa'adinsa ya cika bai da aiki kuma bai da wata hanyar samu, zai iya neman a ɗaga masa ƙafa ta hanyar yin rantsuwa a rubuce. Amma wanda ya yi rantsuwar ƙarya, yana da shago ko albashi ya ce ba shi da komai, ya aikata laifin da hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara uku. Talauci ba laifi ba ne a dokar, ƙarya ce laifi.

Kuma da yake kashi 10 cikin ɗari ne, biyan yana tafiya da ƙarfin mutum. Mai albashin naira 70,000, wato mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024, naira 7,000 za a cire masa. Ba daɗi, amma ba za ta hana shi cin tuwo ba.

Alawus ɗin nan na dubu ashirin

A nan ne nake rabuwa da masu yi wa shirin talla. Yawancin ɗalibai alawus ne ya ja su, domin shi ne suke gani a waya. Kuɗin makaranta ba su taɓa riƙe shi ba, shi ya sa ba sa jin sa. Alhali alawus ɗin ne yake kumbura bashin.

Mu yi lissafi da misali, ba da kuɗin wata makaranta takamaimai ba. A ce rajistarka naira 100,000 ce a shekara, karatun kuma shekara huɗu. In kuɗin makaranta kaɗai ka nema, bashinka naira 400,000. Ka samu aikin naira 100,000 a wata, ana cire 10,000, cikin wata 40 ka gama, wato shekara uku da wata huɗu.

Yanzu ka haɗa da alawus. A ce an biya ka na wata goma a kowace shekara, naira 200,000 ke nan, a shekara huɗu 800,000. Bashin ya koma naira miliyan 1.2. Da wancan albashin dai, shekara goma cur za ka yi ana yankar ka. In kuwa 70,000 kake ɗauka, sai ka haura shekara 14. Za ka yi aure, ka haihu, ɗanka ya shiga sakandare, kana biyan kuɗin data da shayin da ka sha a aji biyu.

Ba cewa nake kowa ya guje shi ba. Yarinyar da ta taso daga Faskari ko Sabuwa, rashin tsaro ya raba iyayenta da gona, tana zaune a ɗakin haya a Dutsin-Ma ba mai aiko mata da ko mudun gari, wannan alawus shi ne bambanci tsakanin ta ci gaba da karatu da ta tattara ta koma gida. Ita ta karɓa da hannu biyu. Amma saurayin da gidansu ke Ƙofar Ƙaura ko Sabuwar Unguwa, yana kwana a gida, yana cin tuwon gida, kuɗin mota kawai yake nema zuwa makaranta, me zai sa ya ɗaura wa kansa dubu ɗari takwas? Shafin ya ba ka zaɓi: kuɗin makaranta kaɗai, ko tare da alawus. Kuma da yake kowace shekarar karatu ake sabunta nema, kana iya karɓa a shekarar da ta yi tsanani, kamar shekarar ƙarshe mai furojet, ka bar shi a sauran.

Sannan kada wanda ya gina rayuwarsa a kan cewa alat zai shigo ranar kaza. Jinkiri yana faruwa. Wanda ya ci bashin mai shago da sunan "in alawus ya shigo", ya haɗa wa kansa bashi biyu.

Inda aka fi faɗuwa: takardu

Da yawa daga cikin waɗanda ke cewa "na cike ba a ba ni ba, sai kana da hanya", ba hanya ce ta hana su ba. Sunayensu ne ba su yi daidai ba. Kwamfuta ce ke tantancewa, ita kuma ba ta san cewa Muhammad da Mohammed da Muhammed mutum ɗaya ne ba.

Abin da shafin ke nema ba shi da yawa: lambar JAMB, lambar NIN, lambar BVN, lambar rajistar makaranta, takardar samun gurbin karatu, asusun banki mai sunanka, da imel da lambar waya masu aiki. Matsalar ita ce dole bayanin da ke jikin waɗannan ya zama iri ɗaya.

Mu kuwa a nan yadda muke rubuta suna ya bambanta da wurin da aka tambaye mu. A firamare an rubuta yaro Abubakar Sani. A JAMB ya zama Abubakar Sani Mashi, saboda ya ƙara sunan gari. A banki ya ce Sadiq Sani, domin da shi ake kiransa a gida. A NIN kuma mai shigar da bayanai ya sa sunan uba a gurbin sunan farko. Mutum ɗaya, suna huɗu. Haka ranar haihuwa: wani wurin 1 ga Janairu da aka ƙaga a gaban tebur, wani wurin ranar da ke jikin takardar asibiti, wani wurin kuma an rage shekara biyu saboda tunanin aikin soja ko bautar ƙasa.

Don haka aikin farko ba a shafin NELFUND yake ba. Ka ɗauko takardar NIN, da takardar JAMB, ka je bankinka a buga maka bayanin BVN, ka jera su a tabarma ka duba harafi bayan harafi: sunan farko, na tsakiya, na ƙarshe, rana, wata, shekara. In akwai saɓani, ka duba wanne ne ya fita daban da sauran, shi za ka gyara. Galibi gyaran BVN a banki ya fi sauƙi, matuƙar NIN ɗinka daidai take. Gyaran suna ko ranar haihuwa a hukumar NIMC mai ba da NIN yana cin kuɗi, yana buƙatar takardar rantsuwa ta kotu da wasu shaidu, kuma yana ɗaukar lokaci. Wanda ya bari sai an buɗe shafi sannan ya fara wannan zirga-zirga, sau da yawa kafin ya gama an rufe.

Sai maganar JAMB. Akwai ɗalibai da yawa, musamman a kwalejojin ilimi da na fasaha, da waɗanda suka bi ta karatun share fage irin na Funtuwa ko suka shiga aji biyu kai tsaye, waɗanda makaranta ta ɗauke su amma shigarsu ba ta zauna daidai a rumbun JAMB ba. Irin wannan ɗalibi yana zuwa aji, yana rubuta jarrabawa, amma in ya sa lambarsa a shafin sai a ce ba a san shi ba. Maganinsa ya fara daga ofishin ɗaukar ɗalibai na makarantarsa, sannan ofishin JAMB na jiha, a daidaita shigar tasa. Ko ba don bashi ba ma ya kamata ya yi, domin wannan matsalar ce za ta tare shi ranar tafiya bautar ƙasa.

Abu na uku ba a hannun ɗalibi yake ba. Sai makaranta ta ɗora sunayen ɗalibanta na wannan shekarar a rumbun NELFUND kafin kowa ya iya nema. In ka sa lambar rajistarka aka ce babu, kada ka yi ta maimaitawa kana ƙona data. Ka je sashen kwamfuta ko ofishin kula da harkokin ɗalibai, ka tambayi wanda aka ɗora wa aikin, ka tabbatar an sa sunanka kuma an rubuta lambar daidai. Kuskuren alama ɗaya a lambar rajista ya isa ya tsayar da komai.

In waɗannan sun daidaita, sauran aikin bai kai awa ɗaya ba. Ka buɗe asusu a shafin da lambar JAMB da NIN, ka tabbatar da imel ɗinka ta saƙon da za a turo, ka cike adireshi da bayanin makaranta da na banki, ka zaɓi irin bashin da kake so, ka ɗora hoton takardar samun gurbi, ka karanta sharuɗɗa, ka tura. Hoton takardar ya fito sarai, ba wanda aka ɗauka da dare a hasken tocila ba. Asusun bankin kuma ya zama naka na kanka, ba na yayanka ba, ba na mahaifiyarka ba. Shawarata a yi amfani da cikakken asusun banki, ba ƙaramin asusun waya da aka buɗe da lambar sim kawai ba. Wanda aka daɗe ba a taɓa ba har ya yi barci, a je a tashe shi tukuna.

A tuna kuma dokar ta hana wanda aka kama da satar jarrabawa, ko kotu ta same shi da laifin zamba ko na miyagun ƙwayoyi.

Mai kafe ba waliyyinka ba ne

Neman bashin kyauta ne. Babu kuɗin fom, babu dillali, babu wani "oga a Abuja" da zai sa sunanka a gaba. Duk wanda ya ce ka kawo wani abu a gaggauta maka, ɓarawo ne. Shafin hukuma yana ƙarewa da gov.ng, ba mahaɗin da aka turo a zauren WhatsApp ba.

Ba laifi ba ne ka je kafe in ba ka da babbar waya, ka biya mai kafe ladan aikinsa. Laifin shi ne ka miƙa masa takardu ka tafi sallah ka dawo. Da yawa, don sauri, imel ɗinsu suke sawa, ko su ƙirƙiro maka sabo su manta kalmar sirrin. Ranar da za a turo saƙon cewa akwai gyara a bayaninka, shi zai gani ba kai ba. Shekara ta zagayo za ka sabunta, ba ka da mabuɗin asusunka, shi kuma wataƙila ya tashi daga shagon. Ka zauna kusa da shi, imel naka, lambar waya taka, kalmar sirri kai za ka buga da hannunka, in an gama a fita daga asusun a gabanka. Lambar sirrin da banki ke turowa ta waya kuwa, ba mai kafe ba, ko wanda ya kira ya ce daga NELFUND yake, kada ka karanta masa.

Layin wayar da ka yi rajista da shi, ka riƙe shi da rai. Layin da aka bari ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani yana sayar wa wani.

In ka riga ka biya kafin kuɗin su iso

Wannan ya fi komai tayar da ƙura. Makaranta ta sa ranar rufe rajista, kuɗin NELFUND ba su iso ba, uba ya yi kame-kame ya biya. Bayan wata biyu asusun ya tura wa makarantar kuɗin wannan yaron. Makaranta ta karɓa sau biyu ke nan, bashi kuma yana kan yaro. A 2025 koke-koke irin wannan sun yi yawa a faɗin ƙasar, har hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta shiga bincike.

Kuɗin nan haƙƙin ɗalibi ne, dole a mayar masa. Amma ba za su zo da kansu ba. Ka adana rasit ɗin biyan da ka yi da lambar Remita da ke jikinsa. Ka riƙa leƙa asusunka a shafin, ranar da ya nuna an biya makaranta ka ɗauki hotonsa ka buga. Ka rubuta takardar neman mayarwa zuwa ofishin ma'ajin makaranta, ka haɗa da kwafin waɗannan, ka sa a buga maka hatimin karɓa a naka kwafin. In ku da yawa ne, ku bi ta ƙungiyar ɗalibai, murya ɗaya ba ta nisa a ofishin kuɗi.

Su ma shugabannin makarantu, gyaran a hannunsu yake. Ɗalibin da shafi ya nuna an amince da buƙatarsa, a bar shi ya yi rajista ya shiga jarrabawa kafin kuɗin su sauka. Gwamnati ce ke bin gwamnati, bai kamata yaro ne zai kwana a tsakiya ba.

"Ilimi haƙƙi ne, me ya sa sai bashi?"

Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta daɗe tana yin ta: a ba ɗalibai tallafi, a zuba kuɗi a makarantu, ba a ɗora wa matasa bashi ba. Waɗanda suka yi karatu a shekarun baya a wannan yanki, da yawansu gwamnati ce ta ɗauki nauyinsu har da abinci, kuma su ne yau ke cewa yara su ci bashi. Dole abin ya yi ciwo.

Na yarda da rabin maganar. Haɗarin gaske shi ne bashin ya zama lasisin ƙara kuɗin makaranta. Tun bayan cire tallafin mai a 2023 jami'o'i da dama suka ninka kuɗin rajista, kuma yanzu duk wanda ya yi kuka amsar a shirye take: je ka NELFUND. In aka tafi a haka, adadin da na yi lissafi da shi a sama zai zama wasan yara nan da 'yan shekaru. Wannan abin a sa wa ido ne, kuma aikin iyaye ne da ƙungiyoyin ɗalibai da 'yan majalisarmu.

Inda ban yarda ba shi ne a ce yaro ya zauna a gida har sai an ci wannan yaƙi. Gurbin karatu ba ya jira. Wanda ya ƙi bashin don nuna fushi, ministan ilimi bai san ya yi ba, shi ne dai ya rasa shekara. Ana iya karɓar bashin da hannun dama, ana neman gyaran tsarin da baki.

Kuma bashin tarayya bai sauke wa jiha nauyinta ba. Katsina tana da Hukumar Ba da Tallafin Karatu, ita kuma abin da take bayarwa kyauta ne, ba a biya. Duk ɗalibi ɗan jiha ya fara da ita: ya tanadi takardar shaidar ƙaramar hukumarsa, da ta samun gurbi, da rasit ɗin rajista, ya halarci tantancewa in an kira. Duk nairar da ta zo daga can, ragi ce a kan abin da zai ranta. Abin da nake nema wurin gwamnatin Malam Dikko Raɗɗa shi ne tallafin ya riƙa fita a farkon shekarar karatu, lokacin da ake rajista, kuma ya riƙa tafiya da tsadar zamani. Tallafin da ya zo bayan an gama jarrabawa ya zama kuɗin sallah.

"Wa zai bi ka?"

Masu wannan magana suna da tarihin da suke dogaro da shi. An taɓa kafa hukumar ba ɗalibai rance a ƙasar nan a 1972, ta durƙushe, kuma rashin biya yana cikin manyan dalilai. A kusa-kusan nan ma mun ga bashin manoma na Anchor Borrowers da aka fara a 2015, yadda da yawa suka ɗauke shi rabonsu na arzikin ƙasa.

Sai dai zamanin ya sauya. A 1972 babu BVN, babu NIN. Yau kafin ka tura buƙatarka sai ka amince da wani sharaɗi da ake kira GSI, wanda yawancin ɗalibai ke dannawa ba su karanta ba. Ma'anarsa ka ba da izini, in lokacin biya ya yi ka ƙi, a ɗebi kuɗin daga duk wani asusun banki da ke ɗaure da BVN ɗinka. Sauya banki ba zai ɓoye ka ba. Dokar ta kuma ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata nauyin cire kason daga albashi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ko da ma ba za a kama ka ba, asusun juyawa yake. Abin da ka mayar shi za a ba ƙanenka. Wanda ya yarda bashin halal ne saboda babu riba a cikinsa, ba shi da bakin cewa cinye shi ma halal ne saboda na gwamnati ne.

Akwai wani ɓangare da ban ji ana tattaunawa ba, alhali a gidajenmu zai fi fitowa, wato 'yan mata. Da yawa ana ɗaura musu aure suna aji uku ko da sun gama, wasu kuma mazan ba sa barin su aiki. Bashin yana kan sunanta da BVN ɗinta, ba kan mahaifinta ba, ba kan mijinta ba. In tana 'yar sana'arta a cikin gida, kuɗi na shiga asusunta, tana cikin masu samu. Don haka uban da ya sa 'yarsa ta nema, ya rubuta adadin kowace shekara ya ajiye, ita ma ta riƙe imel da kalmar sirrinta da kanta, kada ta sauya suna a banki zuwa na miji ta bar NIN da na uba. Ranar da manema suka zo, a faɗa musu cikin abubuwan da ake faɗa: tana da digiri, tana kuma da bashin karatu naira kaza, za a bar ta ta yi aiki ta biya, ko kuwa mijin ne zai ɗauka.